Safar Hannun Ɗan Birni

Duk wanda ya tashi da lauje ya san hannun hagu ne ke shan wuya. Na dama yana can yana riƙe da ƙota cikin rufin asiri, na hagu kuwa shi ke damƙe shinkafa dab da inda ƙarfe zai wuce. Ba wanda ya ga dama ya gaya min haka sa'ad da na karɓi hayar gona a wajen Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ke bin kanal yana shayar da Kura da Bunkure da Garun Malam.

Ranar yanka na ce ba zan tsaya kallon 'yan ƙwadago ba, nima jikan manoma ne. Damƙa ta farko lafiya. A ta gaba lauje ya gaisa da ɗan yatsana. Dattijon da ke shugabantar masu yankan ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure min, ya ce, "Malam, shinkafar muka zo yanka."

Sai na ƙudura sayen safar hannu. A Ƙofar Wambai ɗan gwanjo ya miƙo min wata ta ulu mai zanen barewa, ya rantse Turawa da ita suke aiki. Da na shiga gona ta sha ruwa, ta kwashe duk ƙaiƙayin da ke cikin ekar ta adana min a tsakanin yatsu. Na kwana ina susa. Ta masu walda da na sayo a Ƙofar Ruwa kuwa fata ce mai kauri har gwiwar hannu, yatsa ba ya lanƙwasuwa a ciki. Na ɗaga lauje da ƙarfi, ya suɓuce, ya yi sama, ya faɗa kanal. Laujen aro ne.

Ɗan yayata da ke aiki a wata masana'anta a Sharaɗa shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Kawu, ba kauri ake dubawa ba, tambari ake dubawa." A bayan safar kirki akwai hoton garkuwa da rubutun EN 388, ƙa'idar Turai ke nan. Ƙarƙashinsa lambobi huɗu ne, na gogewa, da yanka, da yagewa, da huda. Tun 2016 aka ƙara harafi daga A zuwa F, kuma F ce ta fi jure kaifi. Wasu da zaren Kevlar ake saƙa su, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1965 har ake rigar sulke da shi, wasu kuma da wani zare dangin leda mai ƙarfin tsiya. Ya ce in nemi mai shafen roba a tafi saboda jiƙa, kuma in gwada ta zauna min cif.

Na samo mai harafin C a Sabon Gari, da kuɗin da har yau ban faɗa wa uwargida ba. Gaskiya ta yi aiki. Lauje ya goge ta ya wuce, ko zare bai tashi ba. Sai na tara masu yankan a kan kunya na yi musu lacca, na ja wuƙa a tafina, suka yi salati. Don in ƙarasa burge su na kai hannu na damƙi wani reshen ƙaya da aka toshe hanyar awaki da shi.

Ihun da na yi, mai ba da ruwa a gonar gaba sai da ya yar da fartanya. Saƙa ce, kaifi na zamewa a kanta, amma tsini ratsa zaren yake yi ya shige abinsa. Wannan laifin yaron nan ne, da ya yi bayanin huda da sauri.

Wajen casa ma ban tsira ba. Ina matsowa kusa da inji mai shi ya daka min tsawa: "Alhaji, cire wannan abar! In bel ya kama ta, da hannun zai tafi." Mai feshi shi ma ya ce tasa ta roba ce zalla, tawa maganin za ta sha ta riƙe min a fata. Wato kowane aiki da tasa safar, kamar 'yan siyasa da huluna.

Dattijon nan dai ya ari ta hagun, ya ce zai ga ko ta dace da talaka. Da na tambaya bayan sati, ya ce ai ni mai gona ne, inuwa ta fi dacewa da ni.

Ta daman na kai gida na rataye a ƙusa. Uwargida ta gan ta, ta tuna na ce ko wuƙa ba ta cin ta, ta saka ta cusa hannu a murhu za ta gyara itace. Ashe tawa mai zaren leda ce. Allah ya taimaka ta fizge hannunta da wuri, safar kuwa ta ƙanƙance ta manne a jikin tukunya. Ta leƙo ɗaki riƙe da abin da ya saura, ta ce, "Malam, nawa ka ce ka saye ta?"

Na ce kyauta aka ba ni.