Ta'aziyyar Da Na Yi Wa Mai Rai

Duk wanda ya taso da littattafan yaƙi na kasuwar Kano ya san muguntar shafin ƙarshe. Takobi ya kusa sauka a wuyan jarumi, sai a ce maka mu haɗu a littafi na biyu. Ka yi tsaki, ka laluba aljihu. Amma marubutanmu masu tausayi ne, ba su cika riƙe mutum da yawa ba. Wani Ba'amurke, Robert Jordan, ya buɗe nasa labarin mai suna The Wheel of Time a 1990, ba a rufe shi ba sai 2013, a littafi na 14. Shi kansa bai ga ƙarshen ba, domin ya rasu a 2007. Brandon Sanderson ne ya ɗauki bayanan da ya bari ya ƙarasa, kuma abin da aka so ya zama littafi ɗaya sai da ya haifi uku.

Na shiga wannan tafiya da ƙarfina, ina saurayi, babu mai tambayata cefane. Littattafan farko sun raba ni da barci. Samari uku 'yan ƙauye, Rand da Mat da Perrin, wata gwanar sihiri mai suna Moiraine ta kwashe su cikin dare, dodanni na biye da su. Na haddace garuruwa da sarakunan da babu su a duniya, alhali ƙananan hukumomin jiharmu sai na yi ta kame-kame. A majalisarmu har laƙabi aka yi mini: Shehin Aljanu. Ban ƙi ba.

Sha'awa ba ta mutuwa rana ɗaya, zurarewa take yi. A ƙarshen littafi na 8, wanda ya fito a 1998, aka sace Faile, matar Perrin. Ba a ceto baiwar Allah nan ba sai a littafi na 11, a 2005. Shekara bakwai masu karatu na zaman jiran tsammani. Mutanen da ke da suna a labarin sun haura dubu biyu, ga wata Seaine ga wata Saerin, duk a zaure ɗaya, duk da fushinsu. Wata Nynaeve kuwa ko me aka ce mata sai ta ja kitsonta, har na fara jin zafi a fatar kaina. Kafin sabon littafi ya iso hannuna na manta wa ke gaba da wa, sai in koma baya in yi tilawa, kafin in gama tilawar na gaji da sabon.

Wani abin haushin ma, duk wannan badaƙala a cikin labarin ba ta cika shekara uku ba. Rand yana nan saurayinsa. Ni kuwa na yi aure, an yi suna, an yaye, an kai makaranta, furfura ta leƙo, likita ya rubuta mini tabarau. Na tsaya a tsakiyar littafi na 10, Crossroads of Twilight, inda rabi da kwata na mutanen ke ta mamakin abin da ya riga ya faru a ƙarshen na 9. Na sa takardar kuɗin wuta a shafin, na ce gobe. Goben nan har yau tana hanya.

Karatu ya tsaya, amma saye bai tsaya ba, don shehi ba ya zama da giɓi a kanta. Na 11 zuwa na 14 duk na jera su. Uwargida ta taɓa tambayata, "Malam, waɗannan na karatu ne ko na tsoratar da baƙi?" Na ce mata ilimi ba a yi masa gaggawa.

Asiri ya tonu ne bayan 2021, da aka mai da labarin fim mai dogon zango. Ɗan yayata ya kalla, ya kamu, ya bi littattafan a wayarsa ya cinye tas. Ranar wata Sallah ya zo gaisuwa, falo cike da 'yan majalisa, ya durƙusa ya ce, "Kawu, an ce kai ne masanin labarin nan. Wa ka fi so a ciki?"

Na gyara zaman hula, na yi gyaran murya. Na ce Moiraine, kuma tun da ta mutu a littafi na 5 labarin bai sake yin armashi ba. Na yi bayani mai tsawo kan jarumtar marubucin da ke iya kashe wanda ake ƙauna ba tare da waiwaye ba. Har muryata ta yi rawa. Abokaina suna ta gyaɗa kai, wani ma ya ce Allah sarki.

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, a gafarce ni, ai ba ta mutu ba. A na 13 su Mat suka je suka fito da ita."

Na ce wataƙila bugun da ya karanta daban ne. Wani ɗan majalisa, wanda ban san yana da wannan zafin nama ba, ya miƙe ya ciro na 13 daga kanta don a raba gardama. Littafin na nan cikin ledarsa ta kamfani, ko ƙumba ba ta taɓa shi ba. Dariyar da aka yi har uwargida ta leƙo daga kicin, ta kalli ledar, ta kalle ni, ta koma ba ta ce uffan ba. A zaman nan aka tuɓe ni, aka naɗa yaron.

Da zai tafi ya ce in ba shi shawarar abin da zai karanta gaba. Na ɗauko masa A Game of Thrones na George R. R. Martin, bugun farkonsa 1996, na ce ga labari mai daɗi, littafi bakwai aka tsara. Hakan gaskiya ne. Abin da ban faɗa masa ba shi ne biyar suka fito, kuma tun 2011 duniya ke jiran na shida. Na raka shi har bakin ƙofa, na sa masa albarka, na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ɗauka addu'ar hanya ce.