Jinjina ga Injiniya Sha-Yanzu

Allah ya ja zamanin Injiniya, gwanin gyaran motocin wasa masu rimot. Hannunsa akwai albarka: ka kai masa mota da ciwo ɗaya, ka karɓo ta da uku.

Masu ƙaramin sani ne ke wahalar da kansu wajen liƙin waya. Sai sun goge bakin ƙarfen liƙi, sun shafa man liƙi, sun fara shafe wayar da dalma, sun shafe mazauninta, sannan su gasa su tare har dalmar ta malala da kanta ta ratsa silin wayar. Wai sai liƙi ya fito sumul yana ƙyalli. Injiniya ya wuce nan. Shi a bakin ƙarfe yake narka dalma, ya ɗiga ta a kan waya mai sanyi, ya bi ta da iskar baki, hannu na karkarwa. Sai ga liƙi ya fito dishi-dishi, curi-curi kamar kashin akuya. Ta waje ya kama, ta ciki ko gaisawa ba su yi ba.

Dalmar 60/40 tana gama narkewa ne wajen digiri 190, amma wayar batir mai kauri tana zuƙe zafi, don haka take son ƙarfe mai ƙarfi a yi a gama nan take. Injiniya mutum ne mai haƙuri. Da ɗan ƙarfensa na gyaran rediyo yake danne ta, yana hira, har zafin ya gangara cikin ESC, na'urar da ke raba wa moto, wato injin motar, wuta, ya dafa abin da ke ciki. Sauran aikin kuma liƙin da kansa zai ƙarasa, domin wuta ba ta wuce raunannen liƙi sai ta bar zafi, kuma in ta ninka biyu zafin ninkawa huɗu yake yi. Daga nan ya naɗe da salatif. Robar da ke tsukewa da zafi ai ta masu almubazzaranci ce.

To, ka dawo ka ce mota na zafi, a nan za ka ga ilimi. Wani zai tsaya duba ko giya ta matse, ko ciyawa ta naɗe ƙafa, ko ƙura ta toshe fanka. Injiniya zai tofa yawu a yatsa, ya taɓa moto, ya ce ranar bana ce. Ma'aunin zafi? Haba, yatsan fa? Masu tsere na ƙoƙarin kada moto ya wuce digiri 70 zuwa 80, don maganaɗisunsa in ya gasu ƙarfinsa ba ya dawowa. Shi kuwa sai ya ƙara wa moto giya mai yawan haƙora, ya ɗora batir 3S mai bolt 11.1 a kan ESC ɗin da aka yi don 2S mai 7.4. In na'urar ta ɗauke wuta don ta tsira da ranta, ya shiga saiti ya kashe mata wannan tsoron.

Batirin LiPo da ya kumbura ma bai taɓa tayar masa da hankali ba. Cewa yake ya ƙoshi.

Don haka mai neman gwani, ga shi nan, kada ka wuce. Sai dai ranar gwajin mota ka tafi da bokitin yashi, ka kuma ce wa yara su tsaya nesa.