Ranar Da Na Zama Surukina A Talabijin

A falona akwai wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo da na sayo a Titin Beirut a Kano. Ba ta san aikin ofis ba. Zamanta a ƙarƙashin talabijin ne, haɗe da manyan sifiku biyu, tana nuna mana finafinan Kannywood da karatun malamai da bidiyon bukukuwan dangi. A garinmu Gagarawa Tasha wannan kaɗai ya isa a riƙa kiran mutum injiniya, ko da abin da ya iya bai wuce cusa waya a rami ba.

Sai maganar Windows 10 ta taso. Tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na kyauta, shekara goma bayan fitowarta a 2015. Magajiyarta, Windows 11, tana gari tun Oktoba 2021, sai dai sharuɗɗanta sun fi na lefe: tana son wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ma'aji na aƙalla gigabait 64, da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Tawa 'yar zubi na shida ce. A lokacin akwai hanyar neman ƙarin wa'adi har zuwa 13 ga Oktoba 2026, kuma kwamfutar da ba ta leƙa intanet sai ta kama dole, fim dai fim ne a wurinta. Amma wani yaro mai gyara a Gumel ya ce min, "Yaya, ai wannan shan ruwa ne." Ya ba ni filashi da ke tsallake sharuɗɗan. Ya ƙara da cewa kamfanin bai yi alkawarin komai ga irin wannan tsallake ba, kuma wasu tsofaffin kayan cikinta na iya yin gardama. Lokacin da yake wannan ƙarin bayanin ina lissafin kuɗin mota.

Na zaɓi safiyar ranar da surukina, Alhaji, zai zo da mutanensa bayan la'asar su kalli bidiyon ɗaurin auren ɗansa. Nufina su tarar da sabon abu.

Ina fara aikin sai ga maƙwabcina, dattijon da muke kira Baba Reluwe saboda ya ƙare ƙuruciyarsa a layin dogo na Kano zuwa Nguru. Ya ja kujera ya zauna, ya ƙura wa lambobin da ke rarrafe a allo ido.

"Ɗan nan, ta ƙi hawa ko?"

"Tana hawa, Baba, a hankali."

"Kan jirgi idan ya ƙi hawa tudu, yashi ake zuba masa a kan dogo."

"To a nan ina zan zuba yashin, Baba?"

"Wannan kuma ku 'yan boko kuka sani."

Da ta mutu ta tashi da kanta, ya ce suma ce. Da ta sake, ya girgiza kai ya gano cutar: wutar sola nake ba ta, kuma wutar rana ba ta da maiƙo. A ba ta ta janareto, in ji shi, wadda aka dafa da fetur. Na yi masa bayanin cewa wuta wuta ce. Ya dube ni da tausayi ya ce haka wani Bature ya taɓa faɗa game da gawayi. Wallahi da a ce ranar ta ƙare a nan, da na ce na ci riba, don hirar Baba ta fi aikin daɗi nesa ba kusa ba.

Kafin azahar ta gama. Allo ya yi shuɗi mai kyau, komai ya dawo tsakiya, tsohuwar manhajar da nake kallo da ita ta ɓace, amma fayilolina suna nan. Na kwafi bidiyon auren daga filashi na jefa cikin jakar bidiyo, na tafi wanka.

Yanzu dole in faɗi wani abu. Da damina Alhaji ya ba ni rancen kuɗin noman riɗi, a kan zan biya da kaka. Kaka ta zo, riɗi na ɗaki, ina jiran farashi ya ɗaga. Fuskantar suruki da irin wannan magana ba wasa ba ne, saboda haka wata rana da gidan ba kowa na jingina wayata da kofi na gwada yadda zan roƙe shi. Kuma tunda gwaji ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, sai na fito a matsayin mu biyun. Daga baya waya ta cika, na juye komai cikin kwamfuta, na manta.

La'asar ta yi. Alhaji ya zauna a doguwar kujera, ƙannensa biyu a gefe, wani amininsa da ya taso daga Maigatari, da limamin unguwarsu, da Baba Reluwe wanda ba wanda ya gayyata. Mata suna bayan labule, har da surukata. Na durƙusa na gaishe su, na buɗe jakar bidiyo. Fayiloli biyu a sama, kowanne sunansa VID da jerin lambobi, ƙananan hotunan da ke nuna abin da ke ciki ba su gama fitowa ba. Na ce bismillah na danna na farko.

Fuskata ce ta cika allon. Hancina kaɗai ya kai tafin hannu. Na ja da baya a cikin bidiyon, na durƙusa a kan tabarma gaban kujerar da ba kowa, na sunkuyar da kai, sifiku suka ɗauka da ƙarfin da na tanadar wa maroƙan biki: "Baba, Allah ya ƙara girma. Dama batun 'yan kuɗin nan ne."

Na danna maɓallin tsayarwa a ɗan ƙaramin kibod ɗina mara waya. Shiru. Na sake dannawa. Fitilarsa tana ƙiftawa tana neman kwamfutar, kwamfutar kuwa ta yi kamar ba ta taɓa saninsa ba. Abin da yaron Gumel yake faɗa ke nan lokacin da nake lissafin kuɗin mota.

A allo kuwa na miƙe, na zura babbar riga, na karkata hula zuwa gefen hagu, na haye kujera, na ɗauki carbi. Duk wanda ke falon ya san wa ke karkata hula haka, don mai ita yana zaune da tasa a karkace. Sai na yi gyaran murya sau biyu, irin nasa sak, na ce: "Haba ɗana, wane kuɗi? Abin da ke nawa ai naka ne. Riƙe har baɗi. Kai, akwai wani ɗan bijimi a garke, haɗa da shi."

Ku tsaya a nan tare da ni, don ni har yau a nan nake. Alhaji biyu a falo ɗaya: na allo yana rabon shanu, na kujera yana jan carbi, kuma yatsunsu suna tafiya tare, ƙwaya bayan ƙwaya. Liman ya sami wani abu mai muhimmanci a silin yana karantawa. Mutumin Maigatari ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Bayan labule wata ta yi wani sauti kamar an taka mage, kuma na san muryar matata.

"Rimot! Ina rimot?" Yana hannun Baba Reluwe, ya riga ya zare batiran yana ciza ɗaya da turamensa. "Sun yi sanyi ne, ɗan nan. Bari su ji haƙori."

Soket ɗin da komai ke ciki yana bayan doguwar kujera, daidai bayan Alhaji. Ku gaya min ɗan Bahaushen da zai tsallaka kafaɗar surukinsa a gaban liman. Maɓallin kwamfutar kuwa yana cikin kabad da na kulle saboda yara, makullin yana aljihun rigar da na cire kafin wanka. Na rarrafa na lalubi maɓallin talabijin na kashe. Allo ya yi baƙi, na ce alhamdulillahi.

Sifikun ba ta talabijin suke bi ba. Daga kwamfuta suke sha kai tsaye, ni na haɗa su haka da hannuna, har ina alfahari. Cikin duhun allon muryata ta fito tas: "To, wannan idan ya tashi da fara'a ke nan. Yanzu bari mu gwada idan ya zo da halin nasa."

Halin nasa. A gaban ƙannensa.

Na yi addu'ar a ɗauke wuta, addu'ar da ban taɓa jin wani ɗan Jigawa ya yi ba. Ina, batirin sola ya cika maƙil. Baba ya matso ya raɗa min, raɗar da aka ji har bayan labule: "Rufe ta da bargo. Rediyona idan ta fara surutun banza haka nake mata." Sannan ya juya ga jama'a ya yi musu bayani cewa tun safe ya faɗa, wutar ce ba maiƙo, shi ya sa ta kawo tashar da ba a nema ba.

Alhaji na fushi ya yi minti kusan biyu yana faɗa a sifika, har da "yaran zamani ba amana". Na gaskiyan bai motsa ba sai da aka gama. Ya gyara hularsa ta miƙe, abin da ban taɓa gani ba, ya ce:

"Malam, na farkon ya fi ni kirki, na biyun ya fi ni baki. Ni dai nawa kuɗi ne. Bijimin kuma ka nema wurin wanda ya yi maka alkawari."

Ba a kalli ɗaurin auren ba. Baba Reluwe ya dawo washegari da yashi a leda, ko da za a buƙata. Ranar Alhamis zan kai riɗin kasuwar Maigatari, ko nawa aka taya sallamawa zan yi.