Ɗakin Jika Huɗu a Zangon Damagaram

Ni mutum ne da ba ya wasa da kuɗin kwana. A ganina ɗakin otal wurin rufe ido ne kawai, ido kuwa in ya rufu bai san labulen alharini da na buhu ba. Da wannan aƙida na kwana a Katsina, Zariya da Maraɗi, da ita kuma na kama hanyar Daura da Matamaye zuwa Damagaram, a tsakiyar zafin Afrilu, wai zan huta. Uwargida ta ba ni lambar wani kawunta da ke Birni, na ce a'a, mai hutu ba ya son gaisuwar dangi.

Daga tasha ɗan kabu-kabu ya kai ni wani otal mai bishiyoyi da na'urar sanyaya ɗaki. Aka ce jika goma sha biyar ta sefa. Na lissafa da naira, jiri ya ɗebe ni. Na ce wa yaron ya kai ni inda mutane masu hankali ke kwana. Ya dube ni ta madubi, ya ce, "Alhaji, to sai Zango."

Hakan ma ya yi mini daɗi. Tun zamanin Sarki Tanimu, mai ganuwa da igwa, Birni na sarauta ne, Zango kuma na fatake. Nan ayarin Agadas da na Tarabulus ke sauke kaya, fatoma ya ba baƙo ɗaki, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Har yau in ka shiga lungunan za ka ga gidajen attajiran da, da zankwaye a kai da zane a fuskar soro, wani an sake shafe shi da launi, wani damina ta cinye rabinsa. Unguwar da ta fi shekara ɗari tana saukar da baƙi ai ba za ta gaza da ni ba.

Masaukin ba shi da allo, sai ƙofar ƙarfe shuɗiya da wani dattijo mai gadi yana firfita da kwali. Mai wurin ya ce jika biyar. Na yi masa cinikin Kantin Kwari har ya sauko huɗu, yana cewa, "Ku Kanawa!" Sannan na yi binciken da na saba. Na danna katifa, na ɗaga zanin gado, na kunna fanka ta juya, na gwada sakata. Na leƙa banɗaki na ga famfo sabo fil yana ƙyalli, har da abin watsa ruwa a sama. Na biya kuɗin kwana biyu a take, kada ya canza shawara.

Yinin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Na je ƙofar fadar Sarkin Damagaram na ga dogarai da jajayen kaya, na hau duwatsun Birni ina haki, na hango tsohon barikin Faransawa. A Kasuwar Dole na sayi kilishi mai yawa na tsaraba. Da la'asar na dawo, ƙura ta mai da ni ja tun daga hula har takalmi.

Na buɗe famfo, ruwa ya zubo siriri. Na jiƙa jiki, na saɓa sabulu tun daga kai, yadda ya kamata mutumin da ya ci ribar jika goma sha ɗaya ya saɓa. Sai famfon ya yi tari irin na tsohon da ya sha taba, ya tofo ɗigo biyu, ya yi shiru. Na murɗa dama, na murɗa hagu, na mare shi. Sabulu ya gangaro cikin ido.

Da lalube na yayibo zanin gado na ɗaura, na leƙo tsakar gida ina kiran mai gadi.

"Baba, ruwa ya ɗauke!"

"Wane ruwa, Alhaji?"

"Na famfo mana!"

"Au, ya zo ne?" Ya taso da sauri har da bokiti. Da ya ga ba komai sai ya koma ya zauna, ya yi mini bayani a tsanake, ni kuwa ina tsaye kumfa na bushewa a kunne. Garin a kan dutse yake, in ji shi, ruwan ma daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, in bazara ta yi kuma sai unguwa ta jira rabonta cikin dare. "Nasara ma ruwan nan ya kore su. Nan ce hedikwatar Nijar tun 1911, a 1926 suka kwashe takardunsu suka koma Yamai bakin kogi. Kai da ka zo jiya-jiya za ka yi fushi?"

Na ce yau na zo. Ya ce to ka gani.

Aka aika yaro neman ɗan garuwa. Mutumin ya iso, ya dubi idona ja, ya dubi zanin gado, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Wanda sabulu ke cin idonsa ba ya ciniki. Mai gadi yana gefe yana dariya, wai tun da Sarki Ahmadu Kuren Daga ya kai yaƙi Gezawa bai ji an ci Bakano da sauƙi haka ba.

Bayan isha'i wuta ta ɗauke, ko kuran, yadda suke faɗa. Fankar da na gwada da rana ta tsaya cak, ɗakin kuma ya fara dawo da duk zafin da kwanon rufi ya tara. Na fito na tarar kowa ya riga ya shimfiɗa a tsakar gida: direbobi biyu, wani mai sayar da fata, da ɗalibin jami'a. Ashe ɗakin na ajiyar kaya ne, kwana a waje ake yi. Tabarma ma haya ce. Na biya. Sauro kaɗai ne bai karɓi kuɗi ba.

Wajen ƙarfe uku na dare na ji ana salati. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakina, yana ratsa tsakar gida, ya jiƙa tabarmar mai fata. Rabon unguwa ya zo, famfon kuwa yana nan a buɗe yadda aka bar shi. Ba zan ce ni na bar shi ba, domin abin da ba ya zuba ba a cewa an buɗe shi. Da hasken waya na ga takalmina ɗaya ya kai bakin ƙofa, jakata ta sha ta ƙoshi, kilishin tsaraba ya koma miya a cikin takardarsa.

Ba wanda ya tambayi kayana. Gidan gaba ɗaya ya tashi da bokitai, jarkoki da tukwane, har matan maƙwabta suka shigo, ana tarar ruwa ana harara ta. A Damagaram ka zubar da mai a ƙasa a yi maka jaje, ka zubar da ruwa a tambayi asalinka. Mai gadi ya miƙo mini tsintsiya bai ce komai ba. Har kiran assalatu ina share ɗakin da na biya.

Da safe mai masauki ya kawo lissafi: ruwan da ya zube, wankin zanin gado, da fatu biyu da suka jiƙe. Kuɗin kwana na biyu kuma ba a mayarwa. Da na haɗa da garuwa da tabarma da sabon kilishi, na wuce kuɗin otal mai bishiyoyi da jika biyu. Daren na biyu a Birni na yi shi, gidan kawun uwargida, inda na gaida dangi ɗaya bayan ɗaya har na rasa murya, aka kuma ajiye mini randa cike a ƙofar ɗaki.

Har gobe ina kan bakana, masauki mai araha ya fi. Sai dai in Allah ya kai ka Damagaram da bazara, ɗan'uwa, kada ƙyallin famfo ya ruɗe ka. Ka leƙa tsakar gida ka ga ko akwai duro ko randa da ruwa a ciki, ka tambayi mai gadi ƙarfe nawa ruwa ke zuwa da inda baƙi ke kwana, sannan ka ciro kuɗi. In kuma ka murɗa famfo ya yi shiru, don Allah ka mayar da shi yadda ka same shi.