Yadda Za Ka Zame a Kan Ƙanƙara Ba Tare da Aljihunka Ya Riga Ka Faɗuwa Ba

Abu uku mai neman wurin zamiyar ƙanƙara yake so a zuba masa a faranti ɗaya: araha, gangare mai kyau, da garin da ba ya kwanciya da wuri. Masu duwatsun Turai sun daɗe da sanin haka, kuma sun ƙware wajen miƙa maka biyu su ɓoye na ukun a bayansu. Saboda haka, Alhaji, aikinka ɗaya ne: ka zaɓi inda za a yanke ka cikin ladabi.

Da farko ka soke sunayen da ba sa'anninka ba. Courchevel ta Faransa filin jirgin sama gare ta a kan dutse, inda masu hannu da shuni ke dira da ƙananan jirage. Ranar da ka ji kanka kana tambayar kuɗin shayi a can, to ɓatan kai ka yi. Zermatt da St. Moritz na Siwizalan, a gaishe su daga nesa. St. Anton da Ischgl na Ostiriya kuwa su ne sarakunan shagali, tun la'asar ake taka rawa a kan tebur da takalman zamiya a ƙafa, amma farashinsu ma na sarauta ne. Ischgl ce fa wadda a watan Maris na 2020 baƙi suka kwashi korona a mashayarta suka yi tsarabarta zuwa ƙasashe da dama. Ka ga ke nan cunkoson nasu ba na wasa ba ne.

Mai ƙaramin ƙarfi gabas yake dosa, kuma sunan da zai fi ji shi ne Bansko, a gindin duwatsun Pirin na Bulgeriya, kimanin kilomita 160 daga Sofiya. Masauki da sauƙi, abinci da sauƙi, hanyoyin zamiya kusan kilomita 75, har gasar cin kofin duniya an yi a kansu. Da dare tsohon garin cike yake da gidajen cin abincin da suke kira mehana, ga gasasshen nama, ga makaɗa suna zagaya tebura har sai ka yi musu liƙi. To ina aka ɓoye na ukun? A layi. Garin yana ƙasa, ƙanƙarar tana sama, kuma motar igiya guda ce take kwasar jama'a daga gari zuwa dutse. Idan kaka ta kama, layin safiya kan miƙe har ka san sunan 'ya'yan Baturen da ke gabanka da makarantar da suke zuwa. Wanda ya taɓa kwana a layin mai a Kano ba zai ji komai ba, sai dai a nan sanyi ne ke gasa ka maimakon rana. Dabara ita ce ka isa kafin a buɗe, ko ka biya motar haya ta hau da kai, wato ka mayar musu da rarar da ka yi murnar samu. Araha dai ba ta ado.

Borovets ta fi kusa da Sofiya, ba ta kai Bansko girma ba, kuma mashayunta a bakin gangare suke, sai ka zame ka tsaya a ƙofar kiɗa. Zakopane ta Folan tana da titin Krupówki da ke cika maƙil da dare, amma gangarenta a warwatse suke, rabin yininka a mota zai ƙare.

In da ɗan nauyi a aljihu, duba wuraren da haraji bai cika matsa musu ba. Pas de la Casa a Andora tana cikin yankin Grandvalira mai hanyoyi sama da kilomita 200, matasa kuma ba sa barin ta ta yi barci. Sai dai ƙasar ba ta da filin jirgi: Tulus ko Barselona za ka sauka, sannan ka yi awa uku mota tana murɗa maka hanji a kwanar dutse. Livigno ta Italiya ma haka, tsayinta ya haura mita 1,800, ƙanƙara ba ta saɓa mata alkawari, kaya ba haraji, amma kafin ka isa daga Milan sai ka manta dalilin tafiyar.

Yanzu maganar kilomita, don nan ake yi wa rogo kallon kitse. Wani Bajamushe, Christoph Schrahe, ya ɗauki taswira ya riƙa auna hanyoyin wuraren zamiya ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da yawa sun yi wa lissafinsu ƙari. Wasu har karkace-karkacen da mai zamiya ke yi hagu da dama suke ƙirgawa a matsayin tsawon hanya. Kai da yau ka fara ɗaura katakon zamiya a ƙafa, me ya haɗa ka da kilomita 600 na Trois Vallées ta Faransa? Mita 200 za ka yi mako kana faɗuwa a kai, yara 'yan shekara biyar suna wuce ka a jere bayan malaminsu. Launin hanya ya fi amfanar ka: shuɗi na masu lallaɓawa, ja na waɗanda ƙafarsu ta zauna, baƙi na waɗanda suka bar wasiyya. Faransa ta ƙara kore don 'yan koyo. Ka ƙirga shuɗin, ka bar baƙin ya yi wa hotonka ado daga baya.

Tsayi ma ka duba. Wurin da gangarensa bai haura mita 1,500 ba, a shekarun nan na ɗumamar yanayi, kana iya tarar da siririn farin zare na ƙanƙarar inji a tsakiyar ciyawa. Lokaci kuma: kauce wa Kirsimeti da sabuwar shekara, kauce wa Fabrairu sa'ad da makarantun Ingila da Faransa ke hutu. Tsakiyar Janairu farashi kan sauko, tare da ma'aunin zafi.

Farashin da ke jikin talla na gado ne kawai. Katin hawa daban, hayar katako da takalmi da hular kwano daban, malami daban, miyar kan dutse ta ninka ta cikin gari. Inshora kuma kada ka yi mata rowa, domin jirgi mai saukar ungulu da zai ɗauko ka daga kwazazzabo ba don Allah yake tashi ba.

Saura harkar dare. A yawancin wuraren nan ma'anarta giya da kiɗa mai fasa kunne, naman alade kuma yana laɓe a tukwane da yawa, don haka tambaya kafin loma. Wanda darensa bai wuce shayi da hira ba, ya leƙa Turkiyya: Uludağ a saman Bursa tana da shagalin 'yan Istanbul a ƙarshen mako, Erciyes kuma kusa da Kayseri tana da dogayen hanyoyi, ga masallaci, ga abincin da ba sai ka yi masa tambayoyin 'yan sanda ba.

Mai niyyar raba dare kuwa ya yi lissafi tun daga gida. Injinan hawa kan rufe wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ka yi rawa har uku na dare, ka farka da azahar, ka nemi safar hannu ɗaya da ta ɓace, ka shiga layi, ka isa sama ma'aikaci yana duba agogo. Irin wannan bawan Allah kada ya sayi katin kwana shida. Ya sayi na kwana biyu, sauran kwanakin ya hau motar igiya da tikitin mai tafiya a ƙasa, ya ari katakon wani ya riƙe na minti ɗaya, a ɗauke shi hoton da za a tura gida.