Me Ya Haɗa Kifi Da Kaska?

Tun da na fara sako zancen ƙwayoyin halitta cikin rubutuna, wasunku suka ɗaura ɗamarar tsokanata. Wani ya aiko min cewa: "Malam, kai da sana'arka danne-dannen kwamfuta, yaushe ka zama likita? Me ya haɗa kifi da kaska?" Wata hajiya kuwa cewa ta yi in fara gyara mata wayarta da ke ɗaukewa ana tsaka da magana, sannan in zo in yi mata karatun jini. Na ji, na kuma gode. To ku gyara zama, yau sai na nuna muku inda kifin da kaskar suka haɗu.

Akwai daren da na kwana ido biyu ina farautar kuskure a wata manhajar lissafin albashi da na rubuta. Shayi kofi uku, sauro na ta kiɗa a kunnena, ni kuma ina bin layuka ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sai da aka kira assalatu na gano ɓarawon: alamar tarawa na sa a inda ya kamata in sa ta ɗebewa. Wato maimakon a cire wa ma'aikaci haraji, ƙara masa ake yi. Da an biya a haka, da ma'aikata sun yanka min rago, mai kamfani kuma ya sa an rufe ni.

Kun ce wannan ai sakacina ne? To manya ma na yi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wani ɗan gyara ga kwamfutocin abokan cinikinsa. Manhajar kamfanin tana jiran bayanai 20, aka miƙa mata 21. Kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka sume, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Yanzu, Malam mai shakka, miƙo hannunka. Cikin ƙwayoyin jikinka akwai rubutu mai haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, an jera su wajen biliyan 3. A wani gurbi, inda aka ajiye umarnin haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini, yawancin mutane GAG ne rubuce. Wasu kuma GTG. Harafi ɗaya ne ya sauya. Wanda ya gaji wannan sauyi daga uwa da uba duka, ƙwayar jininsa sai ta riƙa lanƙwashewa kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Mai lafiya tana yin kwana 120, ita kuwa da ƙyar ta kai 20. Sikila ke nan, amosanin jini, ciwon da duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro yana kukan ƙashi ba ya neman a yi masa bayani.

Mu masu rubuta manhaja muna da wata ɗabi'a: in aka kama mu da kuskure sai mu murje ido mu ce ai da gangan muka sa shi, amfani gare shi. Sau da yawa borin kunya ne. Amma a nan maganar ta tabbata. Tun 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS, wato wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya kawai, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa harafin ya yi kaka-gida a ƙasashen sauro, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi. Guda ɗaya garkuwa, biyu jarrabawa.

Na san me za ku ce: "To gwanin gyara, a goge harafin mana!" An fara. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara rubutun ƙwayoyin ɓargo, ko da yake shi ma ba harafin yake gogewa ba, wata hanya yake buɗe wa jiki ya kewaye. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Alhaji, na ga ka daina murmushi. Ko in ba ka lambar asusu?

Sai kuma angwayen gobe, masana lissafin soyayya. Wani saurayi ya ce min shi AS, budurwarsa AS, kuma ya ji an ce ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne ke zuwa da SS, wato sikila, don haka za su haifi uku su tsaya. Ƙanena, ba layin karɓar albashi ba ne da za a ce sai an zo kan na huɗu. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Ɗan fari ma zai iya zuwa da SS, na biyu ya biyo shi. Masu cewa "komai na Allah ne" kuwa, wallahi gaskiyarku. Amma na lura kwaɗo biyu kuke sa wa shago kafin ku tafi gida.

A 2024 Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka, har da na rukunin jinin nan. Wasu na guna-guni wai an shiga tsakanin masoya. Ni dai a sana'ata na koyi cewa kuskuren da aka kama kafin a saki manhaja kofin shayi yake ci, wanda aka kama bayan an saki kuwa ya kan ci gida. Kuma manhaja ana iya janye ta a sake rubutawa. Jariri fa?

Hajiya, kawo wayar in duba. Amma ki haɗo da takardar gwajin ɗiyar nan taki da na ji ana shirin kawo wa lefe.