Ƙoƙi Mai Addu'a da Ginin Zanzaro

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara damina ta yi albarka, fadama ta cika da fure. Tafasa da rai-ɗore sun yi rawaya, duman kada ya malale bakin ruwa. Ƙudaje da fari da su malam-buɗe-littafi suna ta shagali, sai dai Mazari ya hana su sakat. Shi a sama yake farauta: ya haɗa ƙafafunsa shida kamar kwando, ya cafke mai tashi, ya cinye bai ko sauka ba.

Suka taru suna kuka. Gizo ya ce, "Haba 'yan'uwa! Ku je wurin uwargidana Ƙoƙi. Kun taɓa ganin ta sauke hannu? Dare da rana tsari take roƙa muku."

Suka same ta a kan ganye, koriya shar, ba abin da ke motsi a jikinta sai kai. Ta ce, "Sannunku, 'ya'yana. Ku riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, addu'ata ba ta son taro."

Fara ce ta soma zuwa.

"Inna, ga ni."

"Matso, 'yata, kunnena ya yi nauyi."

Ta matsa. Ashe ƙayoyi ne jere a cikin hannayen nan. Caraf! Ƙoƙi ta damƙe ta, ta soma ci daga wuya, baiwar Allah tana shure-shure. Fikafikai kawai aka zubar. Haka aka yi ta yi. Wanda ya tsargu ya juya da gudu kuwa, saƙar Gizo na jiransa tsakanin karan gamba biyu.

Gizo ya yi ƙiba, har tafiya na yi masa wuya. Rannan Zanzaro, yana ɗauke da ƙwaɓaɓɓiyar laka, ya tsaya ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, babba kamarka yana kwana raɓa na dukansa? Na gina maka ɗaki."

"Nawa ne haya?"

"Wace haya tsakaninmu? Juyo in gwada faɗinka."

Gizo ya juya, Zanzaro ya harbe shi. Jiki ya mutu, rai bai fita ba. Ya ja shi cikin ginin, ya ajiye ƙwai a kansa, ya liƙe ƙofa da laka. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe da yunwa.

Da aka kai wa Ƙoƙi labari, sai ta yi tsaki, don dama ta tanade shi ne wa kanta idan kaka ta wuce. Ta ɗaga hannu ta ce, "Wa ke biye?"

Ƙurunƙus!